Neman shawara: duk ranar da gari ya yi lumshi sai kewar unguwarmu ta da ta danne ni

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a sakaya sunana. Ni mace ce da aurena da yarana, ina ɗan aikina, lafiya lau muke zaune da maigidan Alhamdulillah. Amma duk ranar da aka wayi gari da gajimare rana ta ƙi fitowa, irin lumshin nan da ba ruwa ba rana, sai in ji jikina ya mutu murus, ƙirjina ya yi nauyi, aikin da nake gamawa kafin hantsi sai ya kai ni la'asar ina jan ƙafa, yara su zo da surutunsu in ji kamar in ce su ƙyale ni. Kuma kwanakin nan kullum haka garin yake tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne da zarar garin ya yi haka ba abin da ke faɗo min a rai sai unguwar da na taso. Lungunmu ɗan matsattse ne, akwai wata tsohuwa maƙociyarmu da duk yaran lungun Kaka muke ce mata, in hadari ya haɗo ita ke fara leƙowa ta ɗaga kai ta ce maza ku kwashe shanya, kuma ba ta gidanta kaɗai ba, duk gidan da matar ba ta nan sai ta tura mu mu kwaso, ta zauna bakin gadonta ta ninke kayan kowa daban, ta san rigar ɗan wane da zanen wance ba ta taɓa haɗa su. In ruwan ya sauko mu jera bokitai a bakin indararo, yayana ya yage tsohon littafinsa ya yi mana jirgin takarda mu bi shi da gudu har ƙarshen lungu. Wallahi har ƙamshin ƙasar nan nake ji a hancina, sai kawai hawaye.

Inda nake yanzu kowa da get ɗinsa. Rannan na dawo daga aiki na tarar da shanyata ta jiƙe sharkaf alhali da mutane a gidan, ban ga laifinsu ba dan ba su san ni ba, amma na shiga ɗaki na yi kuka sosai. Tambayata biyu ce. Wannan abin ciwo ne da ya kamata in je asibiti ko kowa ma yana jin haka? Sannan in shirya in je in ga unguwar ko in haƙura? An ce min an rushe gidanmu an yi bene a wurin, Kaka kuma ta daɗe da rasuwa.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kaka ya kai haske kabarinta. 'Yar uwa ba ke kaɗai ba ce wlh, ni ma in gari ya yi haka ko wayata bana son ɗauka. Ina nan ina jiran amsar masana.

Malamin Kimiyya:
Hajiya abin da kika faɗa duk yana da bayani, bari in ɗan yi tsawo ki yi haƙuri. Mutuwar jikin nan yawanci haske ne. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, melatonin, shi ke sa mutum jin barci, duhu ke sa a sake shi, hasken safe kuma in ya shiga ido shi ke sanar da ƙwaƙwalwa ta dakatar da shi. To ranar gajimare me muke yi? Sai mu ƙara shigewa ɗaki mu saki labule mu ja bargo, kinga mun ƙara wa kanmu duhu kenan. Ana auna haske da wani ma'auni luks, ɗaki mai fitila a kunne yawanci tsakanin 100 ne zuwa 500, amma waje ko ranar da gajimare ya rufe sama ana samun 1,000 ko fiye, rana tarwai kuwa tana kaiwa har 100,000. Ma'ana garin da kike gani ya yi duhun nan ya fi falonki haske nesa ba kusa ba. Dan haka ki fita tsakar gida ko baranda da safe kamar minti 20 zuwa 30, ko da wani aikin za ki ɗauko ki yi a wurin, ki zuge labulaye duka.

Maganar ƙamshin ƙasa kuma, wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin ƙasa ke fitar da wani abu geosmin, ruwa na sauka sai ya tashi cikin iska, hancin ɗan Adam kuma yana da saurin kama shi ko da ɗan mitsitsi ne. Hanyar da ƙamshi ke bi a ƙwaƙwalwa tana gab da inda ake ajiye tunani da motsin rai. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2006 kan tsofaffi ya nuna abubuwan da ƙamshi ke tuno musu galibi na kafin su kai shekara 10 ne. Sannan a 2018 masu bincike da suka haɗa da na Jami'ar Southampton a Ingila sun sa mutane sauraron ƙarar ruwan sama da iska da tsawa, sai aka ga ta fi tayar musu da kewar baya akan sauran sautuka, kuma kewar tana rage musu ƙuncin da yanayin ke kawowa. Dan haka ni dai bana ganin tuna Kaka shi ne matsalar, wataƙila ma shi ke ɗan tallafe ki.

Anti Nas:
Malam ya yi bayani mai kyau amma ƙanwata ni ta ɓangaren aikina zan miki magana. Eh akwai ciwon damuwa da ke bin yanayi, wani likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa ne suka fara bayyana shi a Amurka a 1984, ya fi yawa a ƙasashen da rana ke gajarta sosai lokacin sanyi irin su Kanada da Finland, kuma ya fi kama mata. Amma ba duk wanda gajimare ya kashe wa jiki ne ke da shi ba. Ki lura da kanki da kyau. In rana ta fito kina warwarewa ki koma daidai? To da sauƙi. In kuwa abin ya kai sati biyu ko fiye kusan kullum kina cikin ƙunci, abubuwan da kike jin daɗinsu da duk sun fita ranki, barci ya lalace ko ya yi yawa, kina ganin ba ki da amfani, to ki je ki ga likita kar ki tsaya jiran rana. In har tunanin mutuwa ko cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ranar za ki je, ki kuma faɗa wa maigidan. Wani abu kuma da mata ke mantawa, ƙarancin jini da matsalar tayirod (wata halitta a gaban wuya, wadda in ta kumbura ake ce wa maƙoƙo) duk suna kawo irin wannan kasalar, gwajin jini ne kawai zai nuna. Kuma dan Allah kar ki sayi maganin barci da kanki.

Direban Dare:
Yaya ni akan tambaya ta biyu zan yi magana dan na yi irin tafiyar. Na koma unguwarmu bayan shekaru masu yawa, abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantar wurin, filin da muke ƙwallo da nake ganin ba shi da iyaka ashe motoci kaɗan ne za su cika shi, bishiyar ƙofar gidanmu an sare sai kututture an zuba siminti kewaye da shi. Na tsaya ina kallon gidan sai wani yaro ya fito ya ce min malam wa kake nema, a ƙofar gidan da aka haife ni fa. Gaskiya abin ya soke ni. Har na juya zan tafi sai na hango wani dattijo da ke gyaran rediyo a zaurensa tun muna yara, ido ya yi rauni amma ina gaishe shi ya ce wannan murya ai ta gidan wane ce, ya kira sunan mahaifina. Muka zauna har magariba yana lissafa min wanda ya rasu da wanda ya tashi da inda kowa ya koma, a wurinsa na samu lambar abokina da muka rabu tun firamare. Shawarata ki je, amma ki fara bincika ko akwai wanda ya rage da ya san ku, saboda shi za ki je. Kuma kar ki tafi ke kaɗai, ki ɗauki yayan nan naki mai jirgin takarda.

Uwar Gida:
Ni kam ban goyi bayan zuwan ba gaskiya. Yanzu in ta rufe ido tana ganin lungun yadda yake da Kaka a ciki, tana zuwa ta ga bene shi kenan benen ne zai riƙa faɗo mata. Ƙanwata ta je ganin tsohon gidanmu ta dawo ta kwana tana kuka, ni na ƙi zuwa har yau kuma ban yi nadama ba.

Direban Dare:
Hajiya ai shi ya sa na ce ta nemi mutum tukuna. In ba kowa da ya rage to na yarda da ke ta zauna.

Baba Mai Ritaya:
'Yata na karanta saƙonki sau biyu. Kin ce gajimare, kin ce unguwa, amma inda kika yi kuka sosai ai wurin shanyar nan ne. Abin da ya ɓace miki shi ne zama cikin mutanen da suka san zanenki in sun gan shi a igiya. Kuma wannan ba a lungun yake ba, a jikin tsohuwar yake, ita ma ba rana ɗaya ta san rigar kowa ba, shekaru ta yi tana leƙawa tana tambaya. Mu da muka manyanta mun ga unguwanni da yawa sun cika sun watse, galibi mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da zumuncin wuri, in suka tafi sai kowa ya rufe ƙofarsa yana jiran wani ya fara. Ki zaɓi gida ɗaya cikin maƙwabtanki, ba duka ba, ki shiga ki gaishe su ki san sunan yaransu. Ranar da hadari ya taso kika ga shanyarsu a waje ki kwashe musu.

Maman 'Yan Biyu:
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma zamani ya canza fa, wani ka taɓa masa kaya sai ya fassara shi daban, in wani abu ya ɓata kuma a ce kai ne. Gara ta fara karɓar lambar matar, in hadari ya haɗo ta kira ta ce ga shanyarki a waje in kwashe miki? In ta ce eh shi kenan an buɗe hanya.

Baba Mai Ritaya:
Haka ne 'yata, naki ya fi. A yi hakan.

Ɗalibar Jami'a:
Anti ni ƙarama ce a nan amma ga abin da ya taimaki mamata. Ta sayi littafi tana rubuta gidajen layinsu na da ɗaya bayan ɗaya, gida na farko su waye, yaransu nawa, wa ke da rijiya wa ke da bishiya, in ta manta wani sai ta kira ƙanwarta su yi ta musu a waya suna dariya. Yanzu mu ma mun san mutanen da ba mu taɓa gani ba. Ki gwada ba wa yaranki labarin Kaka ranar da garin ya yi haka, maimakon ki shige ɗaki ke kaɗai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai 'yan uwa Allah ya saka da alheri, wlh ban zaci za a ɗauki maganar da muhimmanci haka ba. Anti Nas in rana ta fito ina warwarewa sosai, amma kasalar ta ɗan jima kuma ina yawan jin jiri in na miƙe, dan haka zan je a duba jinin cikin satin nan insha Allah. Na kira yayana ɗazu, ya ce ɗiyar Kaka ta ƙarshe tana nan a unguwar ba ta tashi ba, zai nemo min lambarta, sai na ji muryarta kafin in yanke maganar zuwa. Baba na ji, akwai wata mai jego a gidan da ke kallon namu da ita zan fara. Malam saura kai, ina fita aiki da sassafe kuma ofishinmu ba taga sai fitila, ya zan yi da maganar hasken?

Malamin Kimiyya:
Hajiya hanyar zuwa aikin ma ta isa in kika yi amfani da ita. Ki sauka kafin ki ƙarasa ki taka sauran da ƙafa kamar minti 15, kin samu haske kin kuma motsa jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 a sati take ba manya shawara. Lokacin hutun rana ki fito waje ko na minti 10 ne kar ki zauna a teburi. Da dare kuma ki rage hasken waya kamar awa ɗaya kafin ki kwanta, ki riƙa tashi lokaci ɗaya har ranakun hutu. Ki gwada sati biyu ki dawo ki faɗa mana, da sakamakon gwajin jinin dan Anti Nas ta duba miki.