Tauraron ɗan'adam zai kori ƙarfen sabis?

Malam Habu: Ni dai na faɗa, nan da shekara 10 ƙarfen sabis zai zama tarihi. Tun 2022 iPhone 14 ta fara tura saƙon neman agaji ta taurarin kamfanin Globalstar. Yanzu ga Starlink mai taurari da kamfanin sadarwa na T-Mobile a Amurka, wayar hannu ta yau da kullum tana aika saƙo sama kai tsaye. To me ya rage?

Injiniya Rabi: Lissafi ya rage, Malam. Ƙarfe ɗaya yana ɗaukar unguwa guda, kuma mitar rediyon da yake aiki da ita, wani ƙarfen can gaba zai sake aiki da ita. Tauraro kuwa, siginar da ya saukar tana rufe fili mai faɗin kilomita da yawa, duk mutanen da ke ciki ƙarfi ɗaya suke rabawa. Tukunya ɗaya ce aka ɗora wa gari guda. Shi ya sa aka fara da saƙon tes. Kuma sai kana waje, kana ganin sarari. Shiga ƙarƙashin rufin siminti ka gani.

Sadiƙu: Amma Yaya, ai AST SpaceMobile, wata masana'antar taurari, ta yi kiran murya ta tauraro da waya ta yau da kullum tun 2023.

Injiniya Rabi: Ta yi, ƙanena. Da tauraronta BlueWalker 3, mai eriya kusan murabba'in mita 64, wanda haskensa har masana taurari ya dama. Wayar ba ta da ƙarfi, dole a mayar da nauyin sama.

Alhaji Garba: Mun ji irin wannan ɗokin lokacin Iridium, kamfanin wayar tauraron ɗan'adam. An fara sabis a 1998, a 1999 kamfanin ya karye.

Malam Habu: Haba Alhaji, wancan zamanin sai ka sayi waya ta musamman. Yanzu 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin sadarwar waya, da kanta ta sa taurari cikin ƙa'idar 5G, a bugun da ake kira Release 17, shekarar 2022.

Injiniya Rabi: Wannan hujjata ce, ba taka ba. Haɗa su aka yi, don waya ta koma sama in ƙasa ta gaza: a teku, a sahara, ko bayan ambaliya ta kayar da ƙarafa. Aikin ma ba wasa ba ne. Tauraron da ke 'yan ɗaruruwan kilomita sama yana gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa, mita tana karkacewa, cikin 'yan mintuna ya wuce sai a miƙa ka ga na bayansa. Sannan mitar da Starlink ke kama wayoyin da ita ta T-Mobile ce, da izinin FCC, hukumar sadarwa ta Amurka.

Malam Habu: Yau aro ce. Gobe su sayi tasu.

Injiniya Rabi: Su saya. Filin wasa mai mutum 60,000, kowa yana ɗora bidiyo, tauraro nawa za ka jera musu a kai?