Ɗana ya manne wa kalkuleta, in ƙwace?

Maman Abba: Salam jama'a, ɗana shekararsa 5, kullum yana kan kalkuletar shagon babansa sai danne-danne, ina tsoron kar ta hana shi iya lissafi da ka.

Malamar Firamare: Kar ki ƙwace 'yar'uwa. Danna masa 5+5, shi kuma ya riƙa danna = amma ya faɗi amsar kafin ta fito, 10, 15, 20, da kansa zai gano ƙarshen lambar ko 0 ne ko 5, wallahi ranar da wata ɗalibata ta gano haka tsalle ta dinga yi a aji.

Baban Yara: Wasu Casio sai kin danna + sau biyu. Ki haɗa masa da wake yana kasawa biyar-biyar a faranti.

Maman Abba: Na gwada, har ya kai 60 ya ƙi kwanciya. Na gode sosai.