Yarinya tana ta ramewa, gwaji ya ce lafiya lau

Metiron: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 9 ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata a wata makaranta. Akwai wata 'yar aji biyar da ke ta zubewa tun zangon da ya wuce. In an raba abinci sai ta tura wa ƙawarta, wai tana azumi, har ranar Laraba. In kuwa ta ci, sai banɗaki. An gwada taifot, tarin fuka da olsa, ba a ga komai ba. Mahaifiyarta ta ce sammu ne. Mu bitar kwalara da sanƙarau kaɗai aka taɓa yi mana. Me zan duba?

Nas: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ya yi kama da larurar cin abinci, anoreksiya (ƙin cin abinci don tsoron ƙiba) ko bulimiya (ci da yawa sannan a jawo amai). Akwai tambayoyi 5 da likitoci a Landan suka fitar a 1999, ana ce musu SCOFF. Ga su, ki yi wa yarinyar: Kina jawo amai da kanki in kin ƙoshi? Cin abinci yana fin ƙarfinki? Kin rage fiye da kilo 6 cikin wata 3? Kina ganin kin yi ƙiba alhali ana cewa kin rame? Tunanin abinci ya mamaye rayuwarki? In ta amsa biyu da e, a kai ta asibiti. Ki tambaye ta ku biyu, ba a gaban 'yan ɗaki ba. Ki kuma dubi bayan yatsunta ko akwai kanta (taurin fata saboda cusa yatsu a baki don jawo amai), da haƙoranta, da batun al'adarta.

Baban Yara: Haba! Wannan ai cutar Turawa ce. 'Yan matanmu maganin ƙiba suke nema a kemis.

Ma'aikaciyar Lafiya: Malam, ai waya ɗaya suke kallo da 'ya'yan Turawan. Ni a asibitin karkara nake, an koya min auna damtsen yaro don gano tamowa, amma budurwa ta zo a rame sai mu rubuta maganin jini mu sallame ta. Hajiya, don Allah kada a ɗura mata abinci lokaci guda. Wanda ya daɗe ba ya ci, hakan na iya rikita gishirin jininsa har ya taɓa zuciya. A bar likita ya tsara. In kuna kusa da Kaduna, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.

Metiron: Na gode, Allah ya saka. Ɗazu na kira ta ofis na riƙe hannunta, kantar tana nan a yatsu biyu. Ta yi kuka sosai. Gobe zan kira mahaifinta, don shi ya fi saurara.