Yawan gwaje-gwaje a asibiti: abin da ma'aikatan lafiya a Katsina suka ba da shawara

Tattaunawar da wasu likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji suka yi a Katsina ta fi daɗewa a kan gwajin Widal, wato gwajin jini na gano taifot, wanda ake yi wa kusan duk mai zazzaɓi. Matsalarsa ita ce a yankin da taifot ya yi yawa, wanda ya taɓa kamuwa ko ya yi allurar rigakafi gwajinsa zai iya nuna yana da cutar alhali ba ya ɗauke da ita. Daga nan sai a rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki, kuɗi ya tafi, ƙwayoyin kuma su saba da maganin. Shawararsu: a fara gwajin maleriya, in zazzaɓin ya ƙi sauka ana zargin taifot, a yi noman jini, wato a ajiye jinin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro.

Gwajin maleriya na gaggawa ma kan ci gaba da nuna akwai cutar makonni bayan an warke, don haka maimaita shi da wuri ɓarnar kuɗi ce.

Hoton ciki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai juna biyu ta yi sau ɗaya kafin mako 24. Na kowane wata, in babu dalili, son sanin namiji ne ko mace.

Dalilan yawan gwajin ba ɓoyayyu ba ne: majinyaci na ganin likitan da bai tura shi gwaji ba bai duba shi ba, wasu wuraren kuma ana ba mai turawa kaso. Akwai kuma ɓatar da takardun sakamako. Duk wanda zai koma wani asibitin ya tafi da tsofaffin takardunsa, kada ya biya sau biyu.