Jini a ƙarshen fitsarin yaro: wa ya taɓa gani?

Baban Yara, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, zancen ba na kan tabarmar cin abinci ba ne. Yarona ɗan shekara 9 ya yi hutu wajen kakarsa a ƙauyenmu can yankin Kura, yau kusan wata uku da dawowarsa. Shekaranjiya uwarsa ta ga ɗigon jini a gajeren wandonsa. Da na ritsa shi, sai ya ce ai ya kwana biyu yana gani: fitsarin yana fita lafiya lau, sai a ƙarshe jini ya ɗiga, da ɗan zafi-zafi. Na kira Hajiya, kakar tasa, a waya, ta ce tsargiya ce, zafin rana ne, ni ma na yi ina yaro, zai daina da kansa. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Kadawa:
Wa alaikumus salam. Hajiya ta faɗi sunan daidai, amma ba rana ba ce. Mu da muka tashi a bakin kwatamin noman rani, kusan duk sa'o'ina sun yi. Har gasa muke yi a bayan makaranta, a ga na wa ya fi ja, wai alamar zama namiji ce. Sai da na girma na san tsutsa ce da take fitowa daga jikin wani ƙaramin dodon koɗi, ta huda fatar mutum yana wanka ko yana tsaye cikin ruwa, ba sai ya sha ba. Ƙwayayenta ne suke maƙalewa a jikin mafitsara su sa jinin. Mu a makaranta aka ba mu maganin tsutsar, praziquantel, aka auna tsawon kowa da sanda kafin a ƙirga masa ƙwaya. Ka tabbatar ya ci abinci kafin ya sha, don ni a kan yunwa na sha, jiri ya kusa kayar da ni.

Anti Nas:
Baban Yara, don Allah kada a jira ya daina da kansa. Jinin yana iya ɗaukewa alhali tsutsar tana nan, kuma in ta shekara da shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, har takan kai ga ciwon daji. Ka kai shi a gwada fitsarin, an fi so a ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ƙwayayen sun fi fita. Ka duba fuskarsa kuma da safe. Idan fitsarin gaba ɗaya ya koma kalar Coke ga kumburin ido, wannan wata magana ce daban, ta ƙoda, ba a kwana da ita.

Direban Tirela:
Nawa ba jini ba ne, amma bari in faɗa ko wani zai amfana. Mu direbobi ba ma son shan ruwa a hanya don kada mu yi ta tsayawa, saboda haka na saba ganin fitsarina ya yi duhu, musamman da azumi ko a zafin watan Afirilu. In na sha ruwa sosai da dare, da safe ya washe. To wani zuwa Legas da na yi, na sha leda a kan leda, fitsari yana nan kamar baƙin shayi. Ga kasala, ga ƙin abinci, ko ƙamshin miya ba na so. Yaron motata ne ya ce, Oga, idonka fa ya yi ɗorawa. Na ce shawara ce, na sayi jiƙo a tasha, na sha sati biyu ba sauyi. Da ƙyar ƙanena ya ja ni asibiti, aka ɗibi jini, aka ce ciwon hanta ne, nau'in B. Likitan ya yi faɗa a kan jiƙon, ya ce hantar da take fama na ƙara wa kaya. An gwada maiɗakina da yara, aka yi wa waɗanda ba su da shi rigakafi. Har yau ina zuwa ana duba ni.

Maman Biyu:
Ni kuwa tsorata na yi a banza. Ina da cikin fari aka ba ni magungunan ƙarin jini da bitamin a wajen awo, washegari fitsari ya zama ruwan ɗorawa har yana ƙyalli. Na koma ina kuka, nas ta yi dariya ta ce bitamin B ne jiki yake zubar da rararsa.

Mai Shago a Sabon Gari:
Maman Biyu, gara ke kin koma kin tambaya. Da aka ɗora ni a kan maganin tarin fuka na wata shida, ba wanda ya gaya mini rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan, yana rina fitsari. Na ga abu ja-ja kamar Fanta, har gumi ya ɓata mini farar singileti. Na ɗauka jini ne, na ajiye maganin kwana uku. Ranar da na faɗa musu a asibiti na sha faɗa kamar yaron goye, wai tsallake magani ne yake sa tarin ya ƙi jin magani.

Auta:
Mu na babanmu fari ne tas kamar ruwan famfo, muna cewa lafiya ce. Amma sau biyar, sau shida yake tashi da dare, ga ƙishirwa, ga rama. Inna ce ta lura tururuwa tana taruwa a inda ya yi. Suga ne ashe.

Baban Yara, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mun je yau, an ga ƙwayayen a fitsarin, an auna nauyinsa an ba shi maganin, ya sha bayan ya cika ciki da tuwo. Wansa ma da ya rantse ba ya ganin komai, an same su a nasa. Yanzu rigimar da ta rage ta hutu mai zuwa ce. Hajiya ta ce sai an kawo mata jikokinta, su kuma sun ce duk yaran garin a kwatamin suke wanka, ba za su zauna a bakin ruwa suna gadin takalma ba.