"Rai dangin goro ne": lallashi ake nufi ko ƙyaliya?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Jiya muka yi sa-in-sa da ƙanena. Tun da shagonsa ya ƙone bashi ya yi masa katutu, ba barci, ko tuwon da yake so ya daina yi masa daɗi, yanzu kuma na ji ya fara shan ƙwaya. Ina cikin yi masa faɗa Hajiyarmu ta ce, "Bi shi a sannu, rai dangin goro ne." Wato in zuba masa ido?

Ɗan Zango: Ai ba ta ƙarasa ba. "Ruwa ake ba shi."

'Yar Damagaram: Mu "ban iska yake so" muka tashi muka ji.

Nas Habiba: Yaya, kada ka zuba ido. Idan damuwa ta zo, wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin kotisol. Na ɗan lokaci yana zaburar da dofamin, wanda ke sa mutum marmarin abu. Amma in ya daɗe yana kwarara, hanyar marmarin sai ta dusashe: abinci, hira, komai lami. Tiramadol da kodin suna tayar da ita da ƙarfin tsiya, shi ya sa mai damuwa ke saurin kamuwa. An hana maganin tari mai kodin a Najeriya a 2018, amma damuwar tana nan. Ku kai shi asibiti.

Maman Sadiq: Kakata goro take sarowa a Mariri. Duk bayan kwana biyu sai ta kwance huhu, ta tsince mai sankara, ta canza ganye, ta yayyafa ruwa da yatsu uku. Ta ce in ka cika ruwa ya ruɓe, in ka hana ya bushe. Da kakanmu ya rasu ta yi wata da watanni tana cewa "bakina ya mutu", ko ɗan goron ba ta ɓantara. Ƙawarta ce ta riƙa zuwa kullum da hantsi, ba wa'azi, su zauna su yi tsintar tare. Ranar da kakata ta ce a dama mata fura har kuka muka yi.

Ɗan Zango: Allah ya jiƙan mazan jiya. Su o'o kuwa sai shekarar zaɓe suke tunawa da yayyafa mana ruwa.

'Yar Damagaram: Da taliya leda biyu!

Malam Sani: Ku dawo kan magana. Ni a huɗuba na ji shi, liman kuma kan gajarcin rayuwa ya kawo shi.

Baban Ummi: To yanzu ruwa ne ko iska? Maman Sadiq, wata nawa ƙawar ta yi tana zuwa?