Sayen sabon gida kafin a sayar da tsoho

Jiya a fadarmu, wato wurin hirarmu, ta unguwar Zariya a Maraɗi, wani ƙanenmu ya kawo zancen sayen gida a unguwar Ali Ɗan Sofo tun bai sayar da na unguwar Mokoyo ba.

Aka ce masa kuɗin rajista da ladan notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki, ba sa jiran tsohon gida ya samu mai saye, ya ware su tun kafin ciniki. In ya zuba 'yan haya, kuɗin hayar ma akwai haraji a kai. Wani dattijo ya fi nanata ribar sayarwa: hukuma na karɓar rabonta, don haka ƙanen namu ya adana takardar sayen farko da rasit na siminti da kwano cikin akwatin ƙarfe, don shaidar abin da ya kashe. Wannan ta fi taɓa ni, domin namu gara ta cinye su.